Ƙin Tashi Ma Rawa Ce

Kwana huɗu kacal muka ɗauka muka haɗa naira miliyan uku da rabi. Ɗan Baffana ne ɓarayin daji suka ɗauke a gona, shi da wasu yara biyu da ke taya shi karyar masara, a ƙauyenmu da ke kudancin Katsina, wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda dalilin da mai karatu ya sani. Da farko miliyan goma suka yanka, da sababbin babura biyu. Aka yi ta ja-in-ja ta waya kamar ana cinikin sa a kara. Mu kuma muka koma zauren WhatsApp na 'yan garinmu, aka ajiye lambar asusu. Na Kano ya turo, na Legas ya turo, wani mai shayi a Fatakwal ya turo dubu ashirin yana ta ba da haƙuri, wai abin da ya sawwaƙa ke nan. Inna ta sayar da tumakinta biyu. Baffa ya jinginar da fadamar da kakanmu ya bari, wadda tun muna yara yake rantsuwa ko yunwa za ta kashe shi ba zai taɓa ta ba. Ranar da aka sako su, ƙafafu a kumbure, kai duk ƙwarƙwata, kowa sai hamdala yake, har da masu cewa ka ga ranar zumunci.

Ni kuwa wani abu daban ne ya tsaya mini a rai. Shekara biyu kafin wannan rana, a cikin wannan zauren dai, mu 'yan kaɗan muka kawo shawarar kowane gida ya riƙa ba da naira ɗari biyar a wata. Ba bindiga za a saya ba. A tayar da katangar firamare da ta zube, a riƙa biyan masu gadi huɗu, sannan a zauna da dagaci da arɗo a kan burtalin da gonaki suka cinye, da kuma samari biyu da duk garin ya san su ke kai burodi da fetur daji. Har littafi na saya mai bangon kwali, na ja layi, na rubuta sunan kowane mai gida. Wata uku ana tuni, abin da ya taru bai kai kuɗin buhun taki ɗaya ba. Ranar taro mutum bakwai suka zo, biyu daga cikinsu ma sun zo ne su ji wa ya ce me. Da na sami Baffa bayan isha'i ina ƙorafi, sai ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, kana can Zariya kana barci har da minshari. Mu ne a nan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Na daɗe ina juya maganar nan. Ban ɗauke ta wauta ba, don Baffa ba wawa ba ne, ba kuma rago ba ne. Ɗan shekara saba'in da ke riga rana fita gona ba a kiransa rago. Amma ina ganin a cikinta cutar Arewa take, cutar da ta fi tsadar shinkafa, ta fi su kansu 'yan bindigar. Mun ƙware a tashi bayan ɓarna ta auku, kowa don nasa. Tashi kafin ta auku, don na kowa, shi ne ya gagare mu.

Ɗauki hanyar Abuja zuwa Kaduna. Da satar mutane ta yi ƙamari a wajajen Rijana da Katari, me manya suka yi? Suka bar titi suka koma jirgin ƙasa, har ana rububin tikiti a Rigasa da Idu, ana sayensa a bayan fage da ninkin kuɗi. Sanata da janar da attajiri suka cunkushe a tarago ɗaya, aka bar wa direban haya da fasinjansa titin. Ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa wa jirgin bam, aka kashe mutane, aka kora sama da sittin cikin daji, na ƙarshensu sai a watan Oktoba suka ga gida. Mai hali ya koma jirgin sama, marar hali ya koma titi yana jan duk addu'ar da ya haddace. Muka ƙirƙiro wa kanmu sababbin ƙa'idoji, muna koya wa juna su kamar karatu: kada ka kama hanya bayan la'asar, kada ka sa manyan kaya, ka goge saƙonnin banki daga wayarka, in an tambaye ka sana'a ka ce kai ɗan dako ne. Duk dabarun zama da abin ne. Na kawar da shi babu ko ɗaya.

Makarantu ma haka. Daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok, duniya ta ɗauka, muka ce an yi na farko an yi na ƙarshe. Fabrairun 2018 sai ga Dapchi, 110. Disambar 2020 sai Ƙanƙara, samari fiye da 300, alhali shugaban ƙasa na Daura, cikin jiha ɗaya. Wata biyu da 'yan kwanaki bayan nan Jangebe, 279. Maris ɗin 2024 Kuriga. Shekara goma cur. A cikin shekarun nan goma, mu nawa ne muka taka zuwa makarantar kwanan da ke ƙaramar hukumarmu don mu ga ko tana da katanga, ko mai gadinta na da ko da tocila? Gwamnati ta rufe makarantu, abin da ya fi sauƙi ke nan. Mai kuɗi ya mayar da nasa makarantar kuɗi a birni. Talaka ya cire 'yarsa ya yi mata aure, aka ce ai dama can.

Tattalin arzikin ma a kan idonmu ya kwanta, kuma ba dare ɗaya ya kwanta ba. Wanda ya san Kakuri a shekarun 1980 ya san ƙarar jiniyar canjin aiki, ya san yadda ma'aikata ke kwararowa a kan kekuna har sai mai mota ya tsaya. Masaƙar Kaduna ta KTL, wadda aka buɗe tun 1957, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL ma ta bi ta a 2007. A Kano, Sharaɗa da Bompai da Challawa suka koma zaman makoki. Waɗannan masaƙu su ke cin audugar Funtuwa da Malumfashi da Gusau, don haka da suka mutu manomin auduga ya bi su, mai awo ya bi, mai lodi ya bi. Rashin wuta da fasa-ƙwauri ne suka yi kisan, kowa ya sani. Amma wa ke shigo da atamfar Sin ana jibgewa a Kantin Kwari? Wa ke saye ya haɗa lefe da ita don ta fi araha? Shekara wajen ashirin masaƙun nan suna shure-shure, mu kuma muna wucewa ta ƙofarsu muna cewa Allah ya kyauta. Da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da rahotonta a 2022 ta ce mutum miliyan 133 na cikin talaucin da ya haɗa rashin ilimi da lafiya da abin yi, kuma kashi 65 cikin ɗari a Arewa suke, sai muka yi kwana biyu muna tura wa juna a waya, muka wuce.

To amma in zan yi wa Baffa adalci, dole in faɗi abin da ya gani da ni ban gani ba. Ya ga muguwar rawa da idonsa, ba sau ɗaya ba.

Ya ga 'yan sa-kai. Su ma tashi suka yi, da sunan kare gari. Sai aka wayi gari duk Bafulatanin da ya shigo kasuwa ana iya tare shi a yanka shi a bainar jama'a ba tare da alƙali ba, mai laifi da marar laifi. Ɗan wanda aka yanka ya sayar da ragowar shanu ya sayi bindiga. Da yawa daga cikin tashe-tashen hankulan Zamfara da Katsina ta wannan ƙofar suka girma, kuma wanda ya ga haka in ka ce masa a tashi, jini yake hangowa.

Ya ga 2015. Ba na jin Arewa ta taɓa tashi tsaye irin na wannan shekarar. Tsofaffi sun kwana a layi, an raka ƙuri'a har inda ake tattarawa, an kasa an tsare, ana kiran canji. A cikin shekaru takwas da suka biyo baya ne aka yi Ƙanƙara da Jangebe da jirgin Kaduna, a cikinsu aka yi wa manoman shinkafa yankan rago a Zabarmari. Don haka da zaɓen 2023 ya zo, cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista a faɗin ƙasa, waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Mutane ba mantuwa suka yi ba. Tunawa suka yi.

Ya kuma ga zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. A Janairun 2012 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, mutane suka fito a Kano da Kaduna da Legas, gwamnati ta ja da baya zuwa 97. A 29 ga Mayu 2023 aka sake cirewa da baki ɗaya a dandalin rantsarwa, litar da ba ta kai 200 ba ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen shekara mai zuwa ta wuce 1,000, dala kuma ta tashi daga 460 da wani abu ta haye 1,500. Sai da aka shekara ana cije haƙori kafin matasa su fito. Da suka fito, aka fasa wurare a Kano, aka sa dokar hana fita, aka rasa rayuka, ƙarshe muka ga yara ƙanana da aka tsare wata uku suna sumewa a gaban kotu a Abuja. Wane uba ne zai ga wannan hoton ya ce wa ɗansa fita?

Sai kuma tsoron da ya fi duka, tsoron infoma. A birni ana maganar tsaro da babbar murya. A ƙauye raɗa ake yi, don ba ka san wa ke zaune kusa da kai a masallaci ba. Ka ambaci sunan mai kai fetur daji da la'asar, kafin asuba an ƙwanƙwasa maka ƙofa. Ka kai ƙara, a kama shi, bayan sati biyu ka gan shi a teburin mai shayi yana kallonka. Kowa ya sani, kowa ya san kowa ya sani, amma wanda ya fara buɗe baki shi kaɗai zai biya. Ga kuma yunwa, wadda ba ta barin mutum ya yi tunanin jibi. Wanda bai san inda kwanon masarar gobe zai fito ba, in ka kira shi taron gyara gari, zagi yake ji.

Duk na yarda. Inda muka rabu da Baffa shi ne zaton da yake yi cewa ƙin tashi kyauta ne, cewa wanda ya zauna bai ci ba bai kuma yi asara ba. Ba haka ba ne. Kuɗin da muka haɗa cikin kwana huɗu ina suka tafi? Babur suka saya, da harsashi, da ƙwaya, wanda da su aka je ƙauyen gaba. Mutanen can su ma suka haɗa nasu, aka dawo mana da shi. Mu da kanmu muke ciyar da abin da ke cinmu, gida bayan gida, kuma kowane gida yana da hujjarsa mai ƙarfi, don babu wanda zai bar ɗansa a daji saboda maslahar gari. Ni ma na tura nawa kason, gobe ma in ta faru zan tura. Abin da ke ci mini rai shi ne, mun iya sadaukarwa har da gonar gado, amma sai wuƙa ta kai wuya.

Akwai wata kalma da nake so mu ɗan dube ta, ko da za a ce na taɓo inda ba a taɓawa: "sai addu'a". Ba ni da ja da addu'a, wa ya isa. Amma na lura da lokacin da muke faɗinta. In matsalar ta gari ce, sai addu'a. In ɗanka ne aka ɗauke, ba ka tsayawa nan: za ka yi addu'ar, ka sayar da sa, ka kira duk lambar da ka sani, ka kwana a tsaye. Kenan mun san yadda ake haɗa tawakkali da ɗaure raƙumi, yaron makarantar allo ma ya san wannan hadisi. Raƙumin gida kawai muke ɗaurewa. Na gari mun bar shi a sake, mun lulluɓe sakacinmu da sunan haƙuri, alhali da yawa daga abin da muke kira haƙuri sabo ne kawai, shi kuwa sabo an san turken wane ne.

Talaka dai yana da uzurin tsoro da yunwa. Manyanmu fa? Su rawarsu ita ce taro. A hallara a Kaduna, a yi hoto da manyan riguna, a fitar da sanarwar bayan taro mai nuna damuwa matuƙa, a watse. A 2019 gwamnatin Zamfara ta kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M.D. Abubakar, ya bincika tushen ta'addancin, ya kawo rahoto har da nuna hannun wasu masu riƙe da sarauta. Kisan bai tsaya ba. Batun almajirai kuwa ya fi ban takaici. Gwamnatin Jonathan ta gina makarantun tsangaya na zamani fiye da 150, aka fara buɗe ta Gagi a Sakkwato a 2012; da yawansu jihohi suka bar su suka lalace. A 2020, da korona ta zo, gwamnonin Arewa suka ce an gama da bara, aka yi ta lodin yara a motoci ana mayar da su jihohinsu kamar kaya. Cutar na lafawa yaran suka dawo da robobinsu. Kowa ya san yaron da ya tashi ba uwa ba uba ba sana'a, ranar da wani ya miƙa masa dubu biyar da bindiga ba zai tambayi dalili ba. Amma gyaran zai taɓa malamai, ya taɓa iyaye, ya taɓa ƙuri'a, don haka kowane gwamna sai ya lallaɓa ya bar wa na bayansa. Su 'ya'yansu ba sa Jangebe. Wanda ke da kuɗin sayen mafita shi kaɗai, da wuya ya nemi mafitar kowa.

Kada a ce ba mu taɓa iyawa ba. Mutanen Maiduguri sun fi mu ganin tsoro. Daga 2009 zuwa 2013 ana harbe mai unguwa da malami a ƙofar gida, maƙwabta sun san wanda ya yi, ba mai cewa uffan, har sunan ƙungiyar ba a iya kamawa, sai a ce "yaran nan". A tsakiyar 2013 samari suka fito da gora da adda, suka fara nuna su ɗaya bayan ɗaya. Ba gorar ce ta kori masu bindiga daga cikin birnin ba, shirun ne ya ƙare, kuma ya ƙare a bakin mutane da yawa lokaci guda, ta yadda babu wanda za a ware a ce shi ne. An kashe da yawa daga cikin 'yan gorar, wasunsu ma sun yi ta'asar da ba za a kare ba. Amma birnin ya dawo hannun mutanensa.

Misalin da ya fi burge ni ma ba shi da bindiga a ciki. A 2003 Kano da wasu jihohi suka dakatar da rigakafin shan inna saboda zargin an sa masa abin hana haihuwa, cutar ta bazu har ƙasashen waje. A Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata. Duk da haka aka ci gaba. Sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, masu unguwanni suka riƙa raka ma'aikata, mata masu hijabi da akwatin ƙanƙara suka bi gida gida suna shan zagi, ana rufe musu ƙofa suna dawowa, suna yi wa bango alama da alli. A Agustan 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar shan inna ta ƙare a Nijeriya. Babu ranar da za ka nuna ka ce ga ranar da aka yi juyin. Aiki ne mai gundura, na shekara goma sha bakwai, wanda ya canza ra'ayin miliyoyin iyaye da aka ce ba sa canzawa. Irin wannan tashin nake nufi, ba na ƙona taya ba, ba kuma na yanka a kasuwa ba. A zauna da arɗo tun kafin damina. A buɗe burtali ko da gonar wani babba ce ta toshe shi. Gari ya kai ƙarar infoma da sa hannun mutum hamsin maimakon mutum ɗaya. A je sakatariya a tambayi shugaban ƙaramar hukuma lissafin abin da ya shigo wannan watan, a koma wata mai zuwa, a sake komawa. Ba zai hana hari gobe ba, kuma bai sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta na soja da 'yan sanda da kotu ba. Amma gwamnatin da ba a matsa mata ba, me zai tashe ta?

Bayan an sako ɗan Baffa na sake tayar da maganar a zaure, ina ganin yanzu kam jiki ya gaya wa kowa. Aka yi ta turo hoton babban yatsa. Wani ya ce a bari a gama girbi. Bayan girbi aka ce a bari a sha ruwa, bayan salla aka ce ai ga damina ta kawo kai. Na bar littafin a wurin Baffa na koma Zariya.

Da shuka ta gabato sai saƙo ya zo daga daji, ta bakin ɗaya daga cikin samarin nan biyu: duk gidan da ke son ya yi noma bana zai ba da dubu biyar, kuma gari zai ba da mutum ashirin su yi musu noman kwana biyu a gonarsu. Ba a kira taro ba, ba a yi tuni ba. Kwana biyu aka gama haɗawa, har da gidajen zawarawa. Da na je gida na tarar Baffa ne aka wakilta ya karɓa, don shi kowa ya yarda da amanarsa. Yana zaune a zaure a kan buzu, tabarau a karan hanci, da littafin nan mai bangon kwali a cinyarsa, sunayen da na rubuta da hannuna, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa wa kowa alamar ya biya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Can ya ce, "Sunan mahaifinka na nan, gonarku ma a ciki take. Ka zo da naka ko in ranta maka?"

Na sa hannu a aljihu.